Kaza da 'ya'yanta: nawa ne nisan da ke tsakanin taurarin gungu ɗaya?

"Assalamu alaikum Ustaz. Ni ɗalibi ne a Maiurno ta ƙasar Sudan, kuma tun da aka fara yankan dawa nake kwana a gona tare da baffana. Kullum bayan isha'i sai in ga Kaza da 'ya'yanta sun taso a cure wuri ɗaya, idan na miƙa hannu babban yatsana ma rufe su yake yi. Baffa ya ce kusa suke da juna kamar gidajen unguwa ɗaya, ni kuma na karanta cewa tsakanin tauraro da tauraro akwai nisan da hankali ba ya ɗauka. To wanne ne gaskiya? Nawa ne nisan da ke tsakaninsu? Idan kuma kusa suke, me ya hana su yin karo?"

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya sa albarka a abin da aka noma, ka gaishe mini da baffan naka. Tambayoyi uku ka ƙunsa a cikin ɗaya: ko taurarin Kaza maƙwabtan juna ne da gaske ko ido ne kawai ya haɗa su, nawa ce tazarar da ke tsakaninsu, sannan me ya sa ba sa gwabza karo. Bari in fara raba muku gardama, kai da baffa duk kun faɗi gaskiya. 'Yan unguwa ɗaya ne, kai, 'yan ɗaki ɗaya ma, domin daga gajimaren iska da ƙura guda aka haife su. Sai dai unguwa ce wadda idan ka kunna fitila a ƙofar gidanka, maƙwabcinka na jikin katanga ba zai ga haskenta ba sai bayan shekara ɗaya ko biyu.

Na daɗe ina koyar da fiziya a sakandare a Wad Madani kafin rikici ya dawo da ni Kasala, kuma kusan duk shekara sai an yi mini irin wannan tambaya. Abin da na lura shi ne, idan na fara da jero lambobi, ɗalibai sukan gyaɗa kai su rubuta, amma babu abin da ya shiga. Saboda haka bari mu gyara mudun awo tukuna.

Ƙwayar dawa a tafin hannu

Haske yana gudun kusan kilomita 300,000 a cikin daƙiƙa ɗaya. Tsakaninmu da rana akwai kilomita miliyan 150, haskenta yana iso mu cikin minti 8 da 'yan daƙiƙoƙi. Nisan da haske yake ci a shekara guda shi ake kira shekarar haske, kusan kilomita tiriliyan 9.46 ke nan. Kada sunan ya rikita ka, awon nisa ne, kamar yadda kakanninmu da suka zo ƙasar nan da ƙafa suke cewa gari kaza tafiyar kwana uku ne. Tauraro mafi kusa da rana, wanda ake kira Proxima Centauri, yana nisan shekarar haske 4.2.

Tunda a gona kake, ɗauki ƙwayar dawa ɗaya, faɗinta kamar milimita 4, ka ƙaddara ita ce rana. A wannan awon duniyarmu ɗigon ƙura ce da ido ba ya gani, tana kewaya ƙwayar a nisan kamu ɗaya. Naftun, wadda ta fi sauran duniyoyi nisa da rana, tana can mita 13, wato ko bakin gonar ba ta kai ba. Shekarar haske ɗaya kuwa kilomita 27 ce. Ƙwayar dawa ta biyu, Proxima ke nan, sai ka shiga mota ka wuce Sinnar, ka kai Wad Madani har ka ɗan gota ta kafin ka same ta, kilomita 115 daga tafin hannunka. Tsakanin ƙwayoyin nan biyu babu wani tauraro. Haka unguwar da rana take zaune take: kowane tauraro yana da fili shi kaɗai da ya kai murabba'in ɗaki mai tsawon shekarar haske 6, faɗi 6, tsayi 6, ko kusa da haka.

Ka riƙe ƙwayar nan, za mu sake bukatarta.

Ido yana ganin faɗi, ba ya ganin zurfi

Shakkarka tana kan hanya, domin ba duk taurarin da suka yi kusa a ido ne suke kusa a zahiri ba. Idan ka tsaya bakin kogi da dare, fitilar mai kamun kifi da ke cikin kwalekwale da fitilar wani gida da ke can tsallake za su iya jeruwa kamar a hannu ɗaya suke. Misalin ma yana nan kusa da Kazar taka. Jan tauraron nan da ke biye da ita, wanda Larabawa suka kira Dabaran saboda bin bayan Suraiya, wato Kaza, da yake yi, yana zaune a bakin wasu taurari masu siffar tsinin mashi. Waɗannan taurari gungu ne na gaske, Turawa suna ce masa Hyades, nisansa shekarar haske 153. Shi kuwa Dabaran yana nisan shekara 65 kacal. Ko rabin hanya bai kai ba, baƙo ne da ya tsaya a gabansu aka ɗauke su hoto tare. Akwai kuma wani ɗan tarin taurari da masanin falaki Abdurrahman as-Sufi ya rubuta labarinsa wajen shekarar 964, wanda aka daɗe ana lissafa shi cikin gungu har ana kiransa da sunansa, sai da aka auna nisan kowane tauraro a cikinsa aka ga babu abin da ya haɗa su, wani na kusa wani na nesa.

Ita Kaza ba haka take ba. Tun 1767 wani limamin coci a Ingila mai suna John Michell ya zauna ya yi lissafi: idan da watsa taurari aka yi a sama kamar yadda ake watsa iri, mene ne yiwuwar guda shida masu haske irin wannan su faɗo wuri ɗaya? Ya samu kusan ɗaya cikin 500,000. Daga baya hujja mafi ƙarfi ta zo, aka ga dukkansu suna tafiya fuska ɗaya da gudu ɗaya, kamar ayarin fatake, kuma nisansu daga gare mu ɗaya ne.

Yadda ake auna nisan, kai ma za ka iya gwadawa yanzu. Miƙa hannu ka ɗaga babban yatsa, rufe idon dama, sannan ka buɗe shi ka rufe na hagu. Za ka ga yatsan yana gocewa a kan abin da ke bayansa, kuma idan ka matso da shi kusa da hanci gocewar tana ƙaruwa. Masana suna kallon tauraro yau, su sake kallonsa bayan wata shida lokacin da duniya ta koma ɗaya gefen rana, wato idanu biyu da ke da tazarar kilomita miliyan 300. Gwargwadon gocewar tauraron, gwargwadon kusancinsa. A 1838 Friedrich Bessel ya fara cin nasarar auna wani tauraro ta haka. Gocewar ƙanƙanuwa ce ƙwarai, shi ya sa nisan Kaza ya taɓa zama abin gardama. Tauraron ɗan'adam na Turai mai suna Hipparcos ya ba da kusan shekarar haske 390 a sakamakon da aka fitar a 1997, alhali sauran hanyoyin awo suna cewa ya haura 430. An shafe shekaru ana ja-in-ja, har a 2014 aka auna da na'urorin rediyo aka samu 444, sannan wani tauraron ɗan'adam mai suna Gaia, wanda aka harba a Disambar 2013 ya auna taurari fiye da biliyan ɗaya, ya zo ya goyi bayan wannan adadin. Nakan ba ɗalibai wannan labari da gangan, don su san cewa na'ura mai tsada ma tana kuskure, kuma ba a kama kuskurenta sai da wani awon daban.

Hasken Kaza da ka gani jiya a gona, ke nan, ya baro can kusan shekara 444 da suka wuce, tun Sinnar tana ƙarƙashin sarakunan Funj. Ba banza ba Larabawa suke buga misali da ita idan za su faɗi nisan abu, su ce ina ƙasa ina Suraiya.

Lissafin Kaza

Da zarar an san nisa, sauran aiki ne na ɗan aji. A nisan shekarar haske 444, duk digiri ɗaya a sama daidai yake da kusan shekarar haske 7.7. Ƙaramin yatsanka idan ka miƙa hannu yana rufe kimanin digiri ɗaya, kuma manyan taurarin Kaza daga na gabas zuwa na yamma kusan haka suka ci. Wato abin da ƙaramin yatsa ya rufe, haske sai ya yi shekara bakwai zuwa takwas kafin ya ƙetare shi. Uwar kazar, wadda ta fi haske, ita ce Alcyone. Daga ita zuwa Atlas da ke gabas da ita akwai aƙalla shekarar haske 3. Atlas yana da ɗan maƙwabci a kansa mai suna Pleione, wanda mai raunin ido yake ganinsu kamar abu ɗaya, amma tsakaninsu akwai aƙalla kashi biyu cikin uku na shekarar haske. Na ce "aƙalla" domin wannan lissafin faɗi kaɗai ya auna. Idan ɗaya yana gaba ɗaya yana baya, tazarar ta fi haka.

Amma 'ya'yan Kaza ba shida ko bakwai ba ne. Nakan fitar da ɗalibai bayan makaranta a daren da babu wata in ce kowa ya ƙirga a zuciyarsa. Mafi yawa shida suke samu, wasu bakwai. Wata yarinya ta taɓa ce mini tara, na ɗauka cika baki ne, sai na ba ta takarda ta ɗiga su, na duba da taswira, ko ɗaya ba ta ƙara daga kanta ba. Masu sauraron karatun Ashafa sun san Alƙali Iyal ya kawo cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana ganin goma sha ɗaya a cikin Suraiya. Galileo da ya ɗora ƙaramin madubinsa a kanta ya zana 36 a 1610. Yau an san 'yan gungun sun haura 1,000, mafi yawansu ƙanana ne jajaye masu dishi-dishi waɗanda ba su kai rana ba.

To ga yadda ake fitar da tazara. Tsakiyar gungun, inda suka fi yawa, ƙwallo ce da daga cibiyarta zuwa bakinta ya kai kusan shekarar haske 8. Cikin irin wannan ƙwallo yana ɗaukar ɗakuna kimanin 2,100 masu shekarar haske ɗaya ta kowace fuska. Mu ƙaddara taurari 400 ne a ciki, wannan ƙiyasina ne don lissafi ya tafi. Kowane tauraro ya samu ɗaki biyar da ɗoriya ke nan, kuma idan ka dunƙule ɗakuna biyar suka zama ɗaki ɗaya, tsawon bangonsa zai zama wajen shekarar haske 1.7. Ka mayar da taurarin 300 ko 600, amsar ba za ta fita daga tsakanin ɗaya da rabi zuwa biyu ba. A can cikin cibiya sosai ta fi haka matsewa, a gefe kuma, inda gungun ya miƙe har shekarar haske 40 da wani abu, 'ya'yan sun warwatsu har ba a bambanta su da sauran taurari sai an duba tafiyarsu. A awon dawarmu, ƙwaya ɗaya tana Maiurno, ɗaya tana wajen Sinja. Ita uwar ma da ta ninka rana girma sau tara ko goma, lemun tsami ce a wannan awon.

A nan akwai wurin da ɗalibai suke yawan tuntuɓe, har da wasu malamai. Tsakiyar Kaza ta fi unguwar rana cunkoso kusan sau 50, sai mutum ya ce to ai tazarar ma ta ragu sau 50. A'a. Sarari yana da tsawo da faɗi da zurfi, don haka ragin yana rabuwa gida uku. Kafin tazara ta ragu sau 10 sai cunkoso ya ninka sau 1,000, domin 10 sau 10 sau 10 ke nan. Ninki 50 bai kai ya rage tazara sau huɗu ba. Shi ya sa za ka karanta cewa wani gungu ya fi unguwarmu cika sau dubu, ka zaci taurari suna gogar kafaɗar juna, alhali har yanzu tafiyar watanni ce ga haske.

Sai dai ka cire tagwaye daga wannan lissafi. Taurari da yawa bibbiyu suke, suna kewaya juna a nisan da bai wuce faɗin gidan rana ba, wato filin da duniyoyinta suke kewayawa. Alpha Centauri, maƙwabtan Proxima, biyu ne masu kewaya juna cikin shekara 80, kuma idan suka matso tazararsu ba ta fi ta rana da duniyar Zuhal da yawa ba. Atlas na Kaza shi ma tagwaye ne. Idan ana maganar tazara a gungu, ana nufin daga gida zuwa gida, ba daga ɗaki zuwa ɗaki a gida ɗaya ba.

Af, baffanka ya san wani gungun ko da bai taɓa sanin gungu ba ne. A cikin taurarin da manoman ƙasar nan suke lissafin damina da su akwai Natra, wadda malamanmu na Hausa suke ce wa Nasara. Ɗan farin tabo ne a burujin Kaguwa, mai kama da hayaƙi, kuma taurari ne kusan dubu a nisan shekarar haske wajen 600. Abin dariyar shi ne, a ƙarshen Yuli da ake cewa ana ruwan Natra ba a ganinta sam, domin rana tana zaune a gefenta. Sai daga Fabrairu zuwa Afrilu take fitowa sosai da farkon dare.

Inda cunkoson gaske yake

Kaza da Natra da Hyades duk irin gungu ɗaya ne, sakakke, mai 'ya'ya ɗaruruwa ko 'yan dubbai, kuma yara ne a shekarun taurari. Kaza ba ta wuce shekara miliyan 100 da wani abu ba, alhali rana ta kai biliyan 4.6. Akwai wani iri daban, dunƙulalle kamar curin fura, mai taurari daga dubu ɗaruruwa zuwa miliyoyi, tsofaffi masu shekara biliyan 12 ko fiye. An san fiye da 150 irinsu suna kewaya majarrar da muke ciki, wato babban taron taurarin da rana take cikinsa. Mafi girmansu shi ne Omega Centauri, kuma mu a Sudan mun yi sa'a, muna ganinsa sarai, abin da mutanen arewacin Turai ba sa samu. Nisansa kusan shekarar haske 17,000, faɗinsa 150, taurarinsa kimanin miliyan 10. Batlimus, masanin falaki na zamanin da, ya rubuta shi a matsayin tauraro ɗaya tilo, sai a 1677 Edmond Halley ya lura cewa ba ɗigo ba ne, wani abu ne mai hazo. Masana da yawa suna ganin ma cibiyar wata ƙaramar majarra ce da tamu ta haɗiye.

Idan ka yi masa irin lissafin da muka yi wa Kaza, ka raba miliyan 10 a cikin ƙwallo mai wannan faɗi, za ka samu tazarar rabin shekarar haske da ɗan ɗori. A cibiyarsa kuwa ana ƙiyasta kashi ɗaya cikin goma na shekarar haske, wato tafiyar haske ta kwana 36. Wannan shi ne cunkoso a wurin taurari. A awon dawa, ƙwaya ɗaya tana hannunka, ta biyu tana nisan kilomita 2.7. Kumbon Voyager 1 da Amurka ta harba a 1977, yana gudun kilomita 17 a daƙiƙa, duk tsawon shekarun nan abin da ya ci wajen tafiyar haske ta kwana ɗaya ne kacal. Da a cibiyar Omega Centauri aka harba shi, sai ya yi fiye da shekara 1,700 kafin ya isa maƙwabci mafi kusa.

Ina da madubin hangen nesa mai bakin inci 6 wanda na bari a Madani ranar da muka fito a Disambar 2023, Allah ya sa yana hannun wanda ya san amfaninsa. Da shi na fi kallon wannan gungu. Gefensa yana rarrabuwa ƙwaya-ƙwaya kamar sukari ya zube a baƙin mayafi, amma tsakiyar ba ta taɓa rabuwa mini ba, fari fat take kamar ƙullin auduga. Duk wanda na nuna wa sai ya ce ai waɗannan a manne suke. Dalili biyu ne suke jawo haka. Na farko, daga nan tazarar cibiyar ba ta fi faɗin kwabo da aka ajiye a nisan kilomita 4 ba, iska da madubi kuma suna baza hasken kowane tauraro ya zama tabo wanda ya ninka ainihin girmansa nesa ba kusa ba. Na biyu, kana leƙawa ne ta cikin zurfin shekarar haske 150, taurari bayan taurari, kamar mai kallon gonar dawa daga gefe yana ganin bango, wanda ke ciki kuwa yana tafiyarsa tsakanin kunya da kunya.

Ɗalibai sukan tambaya ko dare yana yi a irin wannan wuri. Yana yi. Tauraro irin rana a nisan kwana 36 na haske zai ninka Zara haske fiye da sau goma, amma kusan kashi ɗaya cikin ɗari ne na hasken wata ɗan daren sha huɗu. Sai dai da yake irinsu dubbai ne ta kowace fuska, ga manyan jajayen taurari a tsakani, mai kwana a gona a can ba zai nemi tocila ba.

Me ya hana karo

Koma kan ƙwayoyin dawa. Taurarin cibiyar Omega Centauri suna yawo da gudun kilomita 10 zuwa 20 a daƙiƙa. Idan ka mayar da wannan awonmu, kowace ƙwaya tana matsawa kamu biyu zuwa huɗu a shekara. Ƙwayar dawa biyu, kusan kilomita 3 tsakaninsu, kowace tana rarrafen kamu uku a shekara, kuma ba a shimfiɗe a ƙasa suke ba, wata na iya bi ta sama wata ta ƙasa. Yaushe za su haɗu? A Kaza abin ya fi haka sanyi, gudun 'ya'yan a junansu bai kai kilomita ɗaya a daƙiƙa ba, wato ƙasa da faɗin tafin hannu a shekara, ga tazarar Maiurno da Sinja. Ƙanƙantar tauraro a kan filin da yake ciki ita ce babbar amsa.

Sai ka ce ai suna jan juna, me ya hana jazibiyya, wato wannan jan, ta tara su wuri ɗaya? Abin da ya hana duniya faɗawa cikin rana, wato tafiya. Kowane tauraro yana kewaya cibiyar gungun a kan tasa hanyar, ja yana lanƙwasa hanyar amma ba ya tsayar da shi. Abin da ya fi faruwa shi ne giftawa kusa, inda biyu za su ja juna su sauya hanya, ɗaya ya ƙaru da gudu ɗaya ya ragu. A hankali masu nauyi suna nutsewa tsakiya kamar tsakuwa a ƙwaryar hatsi, marasa nauyi suna tasowa gefe, wasu su fice gaba ɗaya. Sakakken gungu ba shi da nauyin da zai riƙe 'ya'yansa, ga jan majarra, ga manyan gajimarai masu wucewa suna fizga. Ana ƙiyasta nan da shekara miliyan 250 Kaza za ta watse, kowane ɗa ya kama gabansa. Kana iya ganin gungun da ya riga ya yi nisa a watsewa: biyar daga cikin taurari bakwai na Banatu Na'ash da ke arewa suna nisan wajen shekarar haske 80, suna tafiya fuska ɗaya, na farko da na ƙarshe ne kawai ba 'yan gidan ba. Ra'ayin da ya fi rinjaye ma shi ne ita kanta rana a gungu aka haife ta, 'yan'uwanta suka bazu tun tuni.

Ban ce karo ba ya faruwa sam ba. A dunƙulallen gungu akwai miliyoyin taurari da biliyoyin shekaru, abin da yake da wuya ga ɗaya sai ya samu wasu. A 1953 Allan Sandage ya ga wasu shuɗɗan taurari masu zafi a tsohon gungun M3, waɗanda bisa lissafi ya kamata irinsu sun ƙone tuntuni, kamar ka shiga majalisar dattawa ka tarar da samari. Bayanin da aka fi karɓa shi ne taurari biyu ne suka zama ɗaya, ko ta karo, ko ɗan tagwaye ya tsotse ɗan'uwansa. Duniyoyi ma suna shan wuya a can, domin giftawar maƙwabci tana iya fizge na nesa da uwarsu. Mu a nan giftawa irin wannan sai an daɗe: wani ƙaramin tauraro da ake kira Gliese 710 yana tahowa, zai wuce ta gefen rana nan da shekara miliyan 1.3 a nisan kusan kashi ɗaya cikin shida na shekarar haske. Abin da mu sai an jira miliyoyin shekaru, a cibiyar Omega Centauri shi ne zaman yau da kullum.

Iyakar waɗannan lambobi

Kada ka haddace 1.7 ko 0.1 kamar karatun allo. Matsakaici ne, kuma gungu ba shi da katanga, cunkosonsa yana raguwa ne sannu a hankali daga tsakiya zuwa gefe, don haka amsa tana sauyawa gwargwadon inda ka ja layi da kuma ƙananan taurari nawa aka iya ƙirgawa. Zurfi kuma har yanzu shi ne mai wahala. A nisan Kaza, kuskuren awo mafi kyau ga tauraro guda yakan kai shekarar haske ɗaya ko fiye, daidai girman abin da muke son aunawa. A nisan Omega Centauri kuwa ba a auna zurfin tauraro ɗai-ɗai ko kaɗan, ana duba hasken gungun da gudun taurarinsa ne a fitar da cunkoson ta lissafi. Ni ma malamin aji ne mai kallon sama, adadin nisa da yawan taurari daga masu manyan na'urori na karɓo su, rabawa da ninkawa ne nawa, kuma kai ma za ka iya sake su a bayan littafinka ka kama ni idan na zame.

Idan akwai mai tabaron hangen nesa a garinku, irin mai ido biyu da aka rubuta wa 10×50, ka aro shi dare ɗaya kafin a gama girbi. Kwanta a kan angarib, gadon igiya, don hannu ya daina rawa, ka bar idonka ya saba da duhu na minti 20 ba tare da duba waya ba, za ka ƙirga 'ya'yan Kaza gommai, ka ba baffa shi ma ya gani. Omega Centauri kuma sai Afrilu ko Mayu, a daren da babu wata kuma habub bai tayar da ƙura ba. Ka jira Simak, farin tauraron nan na burujin Sumbula, ya kai tsakiyar tafiyarsa, ka fuskanci kudu, ka sauko daga kansa kai tsaye dunƙulen hannu uku da rabi. Za ka same shi kusan dunƙule uku sama da ƙasa, ɗan tabo mai faɗin wata.